Ɓeran kwata ya kusa kashe mini mesa

Shekara uku ke nan ina kiwon mesa a ɗakina a Nima, ƙaramar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Ba ta da dafi. Irinta ake fitarwa daga Ghana, Togo da Benin zuwa Amurka da Turai.

Bara na yi ganganci. Wani yaro ya kamo mini ɓera a bakin kwata, na ce banza ta faɗi, na jefa mata shi da ransa na kwanta. Da asuba sai na tarar ɓeran ya gwaguye mata baya. Wallahi wata biyu ba ta karɓi abinci ba.

Yanzu ɓeran kiwo nake saya a Maamobi, matacce, wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikinta ba. Ƙarama tana ci duk mako, babba kuwa duk kwana 10 zuwa 14. In ta ci, sai bayan kwana biyu nake taɓa ta, don kada ta amayar. Ruwa mai tsabta ba ya yankewa.

Tana iya haura shekara 20. Duk mai sha'awa ya fara wannan lissafin kafin ya sayo.