Halin Gida a Kundin Asibiti: Misalin 'Yan Asalin Ostireliya

Wannan maƙala ta duƙufa ne a kan wata tambaya da take neman zama ruwan dare a fagen kiwon lafiya: idan likita ya gano cewa cutar majinyaci daga yanayin gidansa ta taso, a ina zai rubuta hakan a kundin na'ura, da waɗanne kalmomi, kuma wa ke da ikon karantawa? An zaɓi Ostireliya a matsayin misali saboda lamarin ya fito fili tsakanin 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Mashigin Tores, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun haura 800,000, kuma tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran 'yan ƙasa da kimanin shekara takwas.

Ciwon zuciya na rumatik shi ne ya fi bayyana dalilin wannan rubutu. Yakan faro ne daga ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaro ko ƙurajen fata, sau da yawa inda ƙazuwa ta riga ta buɗe mata ƙofa. Idan ta yi ta maimaita kanta a jikin yaro, garkuwar jiki sai ta juya ta far wa ƙofofin zuciya. Cutar ta kusa ɓacewa a manyan biranen ƙasar, amma tana nan daram a ƙauyukan Yankin Arewa, inda mutane da yawa kan kwana ɗaki ɗaya, famfo ya lalace, wanka da wanki suka zama aiki. Wanda ya taɓa kamuwa kuwa allurar fenisilin zai riƙa karɓa duk bayan kwana 21 zuwa 28 na tsawon shekaru. Kundin da ya ce "bai zo allura ba" kawai, bai faɗi cewa babu mota ko an tafi zaman makoki a wani gari mai nisa ba, ya ɗora wa majinyaci laifin da ba nasa ba. Haka kuma duk ma'aikacin da ya buɗe shi daga baya da wannan ido zai kalle shi.

Gurbin rubuta irin wannan bayani akwai shi. Jadawalin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma, ya keɓe lambobi daga Z55 zuwa Z65 domin matsalolin ilimi, aikin yi, muhalli, talauci da zaman iyali. Z59.0 rashin matsuguni ke nan, Z59.1 kuma muhallin da bai wadatar ba. Sai dai a aikace irin wannan bayani yakan maƙale ne cikin dogon rubutun da likita ya yi da kalmominsa, inda na'ura ba ta iya ƙirga shi, mai neman sa kuma sai ya sha tono.

A nan ne masu nazarin harshe suke da ta cewa, domin lamba ba ta zuwa ita kaɗai. Da ma'anarta take tafe, ma'anar kuwa a wata al'ada aka ƙera ta. Hukumar ƙididdiga ta Ostireliya tana auna cunkoson gida ne da ma'aunin da ta aro daga Kanada, wanda ya ce kada masu kwana a ɗaki su wuce biyu. Ma'aunin yana da amfani wajen nuna ƙarancin gidaje, kuma ƙarancin gaskiya ne. Amma bai iya bambance gidan da ya cika don babu wani wurin zuwa da gidan da ya cika don dangi sun zo jana'iza ba, alhali korar baƙo a irin wannan hali abin kunya ne babba. Haka "rashin matsuguni": mutum na iya kasancewa yana da rufin kwano a birni, amma yana jin ba shi da gida don an raba shi da ƙasar kakanninsa, wani kuma yana yawo tsakanin gidajen dangi uku, kowanne nasa ne. Gurbin "uwa" ma bai tsira ba. A harsunan Aborijin da dama, 'yar'uwar mahaifiya uwa ake kiranta, kuma nauyin uwa take ɗauka. Bahaushen da yake kiran ƙanen mahaifinsa baba ba zai sha wahalar gane wannan ba, amma fom ɗin na'ura layi ɗaya ya tanada. Yaron da innarsa ke riƙo sai ya fito a allo tamkar wanda iyaye suka yi watsi da shi.

Wannan kuskure ba ƙarami ba ne idan aka tuna tarihi. Rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar na 1997 ya tattara yadda aka riƙa ƙwace 'ya'yan 'yan asali daga iyayensu tun daga wajejen 1910 har zuwa shekarun 1970, sau da yawa bisa takardun jami'ai da suka ce gidan ƙazami ne ko an yi sakaci da yaro. Sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Har yau adadin yaran 'yan asali da hukuma ta ɗauke daga gida ya ninka na sauran yara wajen sau goma, ga shi kuma doka ta wajabta wa ma'aikatan lafiya kai rahoto idan sun yi zargin cutar da yaro. Uwar da aka tambaya ko abinci yana yanke mata kafin ƙarshen mako, ta san amsar na iya jawo mata tallafi, tana kuma iya zama shaida a kanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shirunta a gaban kwamfuta hankali ne, bai kamata a fassara shi da jahilci ba.

Abin da ya sassauta lamarin shi ne asibitocin da al'umma ke gudanarwa da kanta. Na farkonsu an buɗe shi a unguwar Redfan ta birnin Sidni a 1971, yanzu sun haura 140. Kwamitin gudanarwarsu 'yan al'umma ne, kuma mai yin tambayar galibi ma'aikacin lafiya ne ɗan gari, mai jin harshen, wanda ya san abin da ba a tambayar mace a gaban surukinta. Da dama suna amfani da manhajar Communicare, kundin kuma a hannunsu yake. Kundin ƙasa baki ɗaya, My Health Record, daban yake: tun 2019 ake buɗe wa kowa sai wanda ya ce ba ya so, kuma mutane kimanin miliyan biyu da rabi sun ce a cire su. Maganar da aka faɗa wa ɗan'uwa a asibitin ƙauye, in ta shiga taƙaitaccen bayanin da aka ɗora, tana iya bayyana gaban baƙon likita a birni.

Saboda haka ne masanan 'yan asali suka dage cewa bayanan al'umma mallakarta ne, ra'ayin da 'yan asalin Kanada suka tsara tun 1998 bisa ginshiƙai huɗu: mallaka, iko, damar dubawa da riƙewa a hannu. Yarjejeniyar da gwamnatocin Ostireliya suka ƙulla da ƙungiyoyin 'yan asali a 2020 ta sanya samun damar bayanai cikin manyan sauye-sauye huɗu da aka yi alkawari. A ganin wannan maƙala, akwai abu guda da ya fi sauƙin gyarawa kuma aka fi mantawa da shi, wato wa'adi. Nau'in jini ba ya sauyawa, amma famfo ana gyara shi, baƙi suna tafiya, marar aiki yana samu. Bayanin halin gida da ba a ɗaura masa ranar sake dubawa ba zai ci gaba da bin yaro har ya girma, yana ba da labarin gidan da tuni aka bari.