Haruffan da ba sa cin iyakar juna

Wanda ya ciri kuɗi wurin mai POS a kasuwar Makarfi ko a bakin tashar Hunkuyi, ya duba ɗan rasit ɗin da aka yago masa. A yawancin injinan, lambobi na sauka daidai ƙarƙashin juna, kamar kunyoyin gonar rake da aka ja da igiya. Dalili shi ne kowane harafi fili ɗaya aka yanka masa. Siririn "i" da ƙaton "m" rabonsu ɗaya, kuma takarda mai faɗin milimita 58 kan ɗauki haruffa 32 a layi.

A littafi ko jarida ba haka abin yake ba, kowane harafi na cin wuri gwargwadon jikinsa. Tafireta ce ta tilasta daidaiton, domin duk maɓallin da aka danna, taku ɗaya takarda ke matsawa. Sai masu zana haruffa suka shiga dabara: aka yi wa "i" faffaɗar ƙafa da kafaɗa don ya cike gurbinsa, aka matse "m" har ƙafafunsa uku suka kusa haɗewa. Courier, wanda Howard Kettler ya zana wa kamfanin IBM a tsakiyar shekarun 1950, shi ya fi shahara, haruffa 10 a kowane inci. Tsofaffin akawunan ƙananan hukumomi sun san irin waɗannan haruffa sarai.

Da aka so inji ya riƙa karatu da kansa, sai zanen ya koma na ma'auni zalla. A 1968 aka fitar da haruffan OCR-A a Amurka, duk miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi, mai daɗi ga inji, mai gajiyar da ido. Adrian Frutiger, ɗan ƙasar Suwizalan, ya zana OCR-B, ya mayar wa haruffan lanƙwasarsu ba tare da sifili ya rikice da "O" ba. A ganina nasa ya fi, tunda mutum ma zai karanta.

OCR-B ɗin ne ke cikin jakar kowane maniyyaci da ya tashi daga Ikara. A ƙasan shafin hoto na fasfo akwai layi biyu, kowanne da gurbi 44 cif. Na farko ya soma da P, a tsallake gurbi ɗaya sai NGA, sai suna, a cike ragowar da alamar <. Injin filin jirgin Jidda bai san Hausa ba, gurbi yake ƙirgawa: ya san inda lambar fasfo ta ƙare, da inda ranar haihuwa ta fara.

Sai dai akwai asara. Layukan nan ba sa karɓar komai sai A zuwa Z, 0 zuwa 9, da alamar cikon. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, don haka Ɗanladi kan fito DANLADI. Tsohuwar matsala ce: a zamanin tafireta ma, mai son rubutu ya fita daidai sai ya zare takarda ya bi lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya da biro.