Dubu Biyar da Arba'in: Lamba Mai Sauƙin Rabuwa

A ido, 5,000 ta fi 5,040 kyan gani. Amma idan aka raba naira 5,000 ga mutum uku, kowa zai sami 1,666, naira biyu su yi saura. Idan mutum bakwai ne, nan ma saura biyu. Da zarar an ƙara arba'in a kai, gardama ta ƙare: mutum uku kowa ya ɗauki 1,680, mutum bakwai kuwa kowa 720.

Masana lissafi suna kasa lambobi gida-gida. Da farko, lamba ko dai cika ce ko mara. 5,040 cika ce, domin tana rabuwa gida biyu daidai. Na biyu, akwai lambobin da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Maƙwabciyarta 5,039 tana cikin wannan rukuni. Ita kuwa 5,040 haɗaɗɗiya ce, wato an gina ta ne da ƙananan lambobi:

2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 = 5,040

Wannan gini shi ne sirrinta. Lambobi sittin ne ke raba ta ba saura, alhali ashirin kawai ke raba 5,000. Duk lambobin da ba su kai ta girma ba, babu mai masu rabawa sittin. Kowace lamba daga ɗaya zuwa goma tana raba ta, haka ma goma sha biyu. Goma sha ɗaya ce ta ƙi.

Haka kuma, idan aka ninka lambobi a jere daga ɗaya zuwa bakwai, amsar ita ce 5,040. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibai bakwai za su iya zama a kan benci ɗaya ta hanyoyi 5,040 daban-daban. Mintocin rabin mako ma 5,040 ne cif.

Tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya lura da wannan lamba. A littafinsa na dokoki ya ba da shawara cewa gari ya kasance da gidaje 5,040, domin a sauƙaƙa rabon gonaki da haraji da aikin yaƙi. Har ya nuna cewa idan aka cire gida biyu, ragowar 5,038 za su rabu gida goma sha ɗaya.

Tambayoyi
1. Me ya sa 5,040 ta fi 5,000 sauƙin rabo?
2. Mene ne bambancin lamba cika da lamba mara?
3. Raba 5,040 gida goma sha biyu, ka rubuta amsar da kalmomin Hausa.