Stihl 070: Tsohon Injin Zarto da Ya Ƙi Mutuwa, da Yadda Ake Gane Kayan Gyaransa na Asali

A zamanin da waya ke tsufa cikin shekara uku, akwai injin zarto da aka fara ƙerawa a 1968 wanda har yau yake tsaga katako a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Shi ne Stihl 070, na kamfanin da Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926. Magaji ne ga samfurin Contra da ya fito a 1959. Girman silindarsa ya kai sisi 106, faɗin fistansa milimita 58, kuma kan injin kaɗai, ba tare da sarƙa da farantinta ba, ya haura kilo 10. Ba ya gudu kamar injinan yanzu, amma yana da ƙarfin ja, shi ya sa masu fitar da falanki daga gungume suke sonsa.

Farin jinin nan ne ya jawo masa matsala. Masana'antu da dama a China suna ƙera kwafinsa da kayan gyaransa, wasu da sunansu na kansu, wasu kuma su manna sunan Stihl a kwali. Na farkon ba su yaudari kowa ba. Na biyun ne ke cinye kuɗin mai inji, domin ya biya farashin gangariya ya tafi gida da jabu.

Abin da ya fi taimaka wa mai neman kaya shi ne lamba, ba suna ba. Kowane kayan gyara na Stihl yana da lamba mai alƙaluma 11, kuma huɗun farko suna nuna dangin injin da aka fara yin kayan dominsa. Contra da 070 da babban wansu 090 duk 'yan dangin 1106 ne. Kayan da injuna da yawa ke tarayya a kansu, kamar matatar mai, sukan fara da 0000, su kuma kusoshi da boris da sil sukan fara da 9. Wanda ya rubuta "fistan 070" a intanet zai sha tallace-tallace har ya gaji. Wanda ya sauke kundin zanen sassan injin, ya ciro lambar, ya neme ta ita kaɗai, zai isa ga abin da yake so, har da ragowar sababbin kaya da suka daɗe a ajiye a shagunan tsofaffin dillalai a Turai da Amurka, waɗanda kan bayyana a eBay.

Sai dai zama dangi ɗaya ba ya nufin komai na shiga juna. Fistan 090 milimita 66 ne, ba zai zauna a silindar 070 ba. Haka kuma tsofaffin 070 suna ba da wuta ne da tsarin kwantak, na baya-bayan kuma da na lantarki, don haka sai an buɗe an duba kafin a yi oda.

Lamba ma ana iya buga ta a jikin jabu. A nan ido da hannu ke aiki. Silindar asali takan ɗauki tambarin Stihl, sau da yawa tare da na kamfanin da ya zuba ta, irin su Mahle, kuma bakin ramukan da ke cikinta a goge yake sumul. A ta jabu, yatsa kan ji kaifi a bakin ramin, kuma wannan kaifin ne ke kama ringi. Kabireta ta tsofaffin injinan ta Tillotson ce, dangin HL, kuma sunan a zube yake a jikin ƙarfen. Idan gangar jikinta lafiya take, babu dalilin jefar da ita. Robobin cikinta ne ke bushewa, kuma ana sayar da su a ƙunshi guda. Tsohuwar kabireta ta asali da sababbin robobi ta fi sabuwar jabu mai sheƙi.

Ba kowane abu ne ya cancanci a kashe masa kuɗin asali ba. Igiyar tayarwa, murfi, mariƙi, waɗannan in sun lalace aiki ne kawai zai tsaya. Amma fistan da ringi da boris da sil ɗin kurankishaf, su ne idan suka gaza suke tafiya da injin gaba ɗaya. Sil ɗin da ke shaƙar iska yakan rage man da ke isa ciki, injin ya riƙa tashi da kansa yana kuka sama-sama, ya yi zafi, fistan ya kankare bangon silinda. Mai inji kan ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali ƙonewa yake yi. Cire salansa a leƙa fistan ta ramin hayaƙi ba ya ɗaukar minti goma, kuma shi ne gwajin farko ga duk wanda zai sayi ɗan Beljiyam.

Batun mai kuwa, a nan ake yawan kashe injin da hannu. Injin mai bugu biyu ne, man da aka haɗa da fetur shi kaɗai ke shafe cikinsa. Kamfanin yana ba da ma'aunin 50 da 1 idan da nasa man ne, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. Tsofaffin littattafan injin sun ambaci 25 da 1 ga man wancan lokaci. Man injin mota bai dace da wannan haɗi ba, shi kuma baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke ɗura wa sarƙa don araha, yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cin famfon mai da faranti. Fetur da aka bari watanni a tanki shi ke busar da robobin kabireta.

Sarƙar 070 mai tazarar .404 ce, ana wasa ta da zagayayyen magagari na milimita 5.5. Tsofaffin samfuran ba su da birkin sarƙa, wanda a injinan yanzu yake tsayar da ita nan take idan faranti ya yi tsalle ya nufo fuska, kuma babu kayan gyara na asali da zai maye gurbin wannan. Shi ya sa ba a yanka da kan faranti, ba a kuma miƙa wa ɗan koyo wannan injin.