Teku ba tabki ba ne: gargaɗi ga masu su

Kowace shekara, bayan an gama aikin gona, samari da yawa daga Maraɗi, Damagaram da Tawa suna tafiya cin rani Kwatanu, Lome ko Abijan. Waɗannan birane duka a bakin teku suke. Wasu samarin sukan shiga jan taru tare da masunta, wasu kuma su hau duwatsun bakin ruwa da fatsa. To, wanda ya saba su a tabkin Madarunfa ko na Tabalak, ya sani halin teku daban ne.

Ruwan tabki a kwance yake. Na teku kuwa yana cika ya janye sau 2 a kowane kwana. Tsakanin cika da janyewa wajen awa 6 ne. Dutsen da ka hau a bushe da safe, kafin azahar ruwa yana iya kewaye shi, hanyar komawa ta yanke. Tambayi masuntan wurin lokacin cikar ruwa.

Raƙuman ruwa ba girmansu ɗaya ba. Ƙanana sukan yi ta zuwa har mutum ya saki jiki, sai manya su biyo. Saboda haka tsaya daga nesa kamar minti 20, ka ga inda ruwa yake kaiwa. Dutsen da ka gani a jiƙe, ruwa yana hawansa. Mai gansakuka kuma santsi gare shi. Kada ka ba teku baya, ko kana sa abinci a fatsa. In fatsa ta maƙale, tsinke zaren, kada ka sauka cirowa. Kada ka je kai kaɗai. In da rigar hana nutsewa, sa ta.

Wanda ya faɗa ruwa kusa da duwatsu, ya yi iyo ya nisance su, don raƙumi yana iya maka shi a kansu.

Bakin yashi ma yana da nasa hatsarin. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa dole ya koma. Yakan bi wata ƴar siririyar hanya da gudu, ya nufi cikin teku. Abin yaudara, wurin nan ya fi kama da mai lafiya, don raƙuma ba sa fashewa sosai a nan. Wannan ruwa ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Gajiya ce take nutsar da mai kokawa da shi. In ya ɗauke ka, kwanta rigingine, ka ɗaga hannu a gan ka. In ka iya iyo, ratsa shi ta gefe, sannan ka nufo gaɓa.

Mai ceto kada ya yi tsalle ya bi. Ya kira masunta, ya jefa jarkar roba wofi, a rufe, ɗaure da igiya.

Wanda damina ta same shi a can ya ƙara kula, don daga Yuni zuwa Satumba teku ya fi haushi.