Rinin Katako: Daga Garayar Maharba Zuwa Jitar Lantarki

Masassaƙan ƙasar Batsari da Safana, waɗanda dajin Rugu ya daɗe yana ciyar da sana'arsu, sun san wani abu da kan ɗaure wa sabon shiga kai. Idan aka shafa rini iri ɗaya a jikin katako guda, launin ba ya fita bai ɗaya. Wani wuri ya yi duhu ƙwarai, wani kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Mai sassaƙa ƙwaryar garaya da mai haɗa jitar lantarki a Amurka duk wannan matsala ce ke gabansu, kuma amsarta tana cikin ilmin halittar tsirrai.

Katako ba dunƙulallen abu ba ne kamar ƙarfe. In aka yanko shi siriri aka duba da madubin kimiyya, sai a ga ɗimbin ƙananan bututu jere da juna, sun miƙe daga saiwa zuwa reshe. Su ne hanyoyin da ruwa ke bi ya hau bishiya lokacin da take raye. Ana iya kwatanta su da damin kara. Inda gizago ya yanke damin a gicciye, bakunan bututun suna buɗe, don haka rini ya kwarara ciki, wurin ya yi baƙi. Inda kuwa aka bi tsawonsa, gefen bututun kaɗai rinin ke samu. To, ƙwaryar garaya da gangar jikin jita duk lanƙwashe suke, wato kowane kwana yana da nasa yawan buɗaɗɗun bakuna. Dalilin dabbare-dabbaren ke nan. Maganinsa shi ne a goge wuraren da samfefa mai laushi, a ɗan jiƙa su kafin rinin ruwa ya hau, kana a yi gwaji a kan guntun da ya rage daga wannan katakon, ba wani dabam ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin zuciyar itace da farin da ke kusa da ɓawo. A zuciyar, bututun da yawa sun toshe, bishiya ta cusa musu ƙaro da wani sinadari mai bauri da ake kira tanin. Shi ya sa zuciyar kirya take da duhu da nauyi, gara ba ta cinta da sauƙi, har ake sassaƙa turmi da ita. Irin wannan katako ba ya shan rini sosai, kuma a gaskiya ba ya buƙatarsa. Mai kawai za a shafa masa launinsa ya fito.

Tanin ɗin nan shi ne a cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fata da su. Idan ya haɗu da narkakken ƙarfe, sai su zama wani sabon sinadari baƙi wuluk. Dukawa sun daɗe da sanin haka, domin baƙin kuloko da suke zane da shi a kan jemammiyar fata daga ƙarfe yake. Wannan rini ya fi na shafawa ƙarko, saboda a cikin katakon launin ke samuwa, ba a bisansa ba. Malami na iya nuna shi a aji: a jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan kal na kwana 3 ko 4, a shafa wa katako ruwan bagaruwa, in ya sha iska a bi shi da ruwan ƙusoshin. Cikin 'yan mintoci zai fara duhu.

Wannan haɗuwa kuwa ita ce ke ɓata wa wasu aiki. Ƙusar baƙin ƙarfe a jikin katako mai tanin, da zarar danshin damina ya shiga, sai baƙin tabo ya kewaye ta. Saboda haka zaɓen kayan haɗi ba batun ado ne kurum ba. Noti na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya yin wannan ɓarna.

A garaya, katako da fatar gada ko ta akuya da aka rufe shi da ita su ke ƙara amon tsirkiya. Jitar lantarki ba haka take ba. Tun da Leo Fender ya fito da jitarsa mai dunƙulallen jiki a 1950, kamfanin Gibson ya biyo da Les Paul a 1952, amon yana fitowa ne daga maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Tsirkiya tana girgiza a kansa, ƙaramar lantarki ta samu, a kai ta amsa-kuwwa. Dole tsirkiyar ta kasance ta ƙarfe. Gashin wutsiyar doki da ke sa goge kuka, a nan ko ƙus ba zai yi ba.

Abin da ya fi kashe kayan kiɗa a wannan yanki shi ne ɗanyen katako. Itace yana shan danshi ya kumbura da damina, ya motse da hunturu, kuma motsewar a faɗi take, ba a tsawo ba. Masu haɗa jita kan jira ruwan jikin katako ya sauka zuwa kashi 6 ko 8 cikin 100 kafin su taɓa shi da rini. Wanda ya yi gaggawa, iskar Janairu za ta tsaga masa aikin.

Maɗaci, wanda masana ke kira Khaya senegalensis, yana cikin dangin da 'yan kasuwar katako ke sayarwa da sunan mahoganin Afirka, kuma ana yin jikin jita da katakon wannan dangi. Yawan sara ya sa a 2022 yarjejeniyar CITES ta sanya shi cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu ƙasashen waje sai da izini, kamar yadda ta yi wa maɗobiya a 2016. Maɗacin da aka sare a rana ɗaya, sai an yi shekaru gommai kafin wani ya kai kaurin da za a fafe garaya da shi.