Kafin A Kwance Inji, Kafin A Ɗaure Ƙafa

Babur ɗin da ke bin hanyar ƙauye, irin su Boxer da Jincheng da ake lafta wa buhuna ranar kasuwa, yana shan wuyar da na birni bai sani ba: ƙurar hunturu, yashi, taɓon damina da ramuka. Mahayinsa ma haka. Asarar da ake tafkawa kuwa, a injin ko a jikin mutum, yawanci daga wuri guda take fitowa, wato fara gyara tun ba a gano ciwon ba.

Inji abu huɗu yake buƙata kafin ya tashi: mai, iska, wuta da matsi. Idan ya ƙi, a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da mai. Babur ɗin da ke tafiya kaɗan ya mutu, in an huta ya sake tashi, a buɗe murfin tankinsa. Idan aka ji ya ja iska, 'yar ƙofar numfashin murfin ce ta toshe. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma kan zo da ruwa ko datti, waɗanda ke kwanciya a gindin kabireta. Akwai ɗan sukuru a ƙasanta, a sassauta shi su zube.

Daga nan sai fulogi, domin bakinsa ba ya ƙarya. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ne. Baƙi mai bushewa na nufin mai ya rinjayi iska, kuma a hanyar ƙura laifin kan koma ga soson tace iska da ya cushe. Baƙi mai maiƙo, ga shuɗin hayaƙi a salansa, yana nuna baƙin mai na ƙetare ringi. Fari fat kuwa inji ne ke zafi saboda ƙarancin mai. A jingina ƙarfen fulogin a jikin inji a buga kik: in tartsatsi mai shuɗi bai fito ba, a duba waya da kwayil. Sai kik ya yi sakwa-sakwa a ƙafa, matsi ya gudu, sannan bakanike ke da hujjar taɓa bawul ko fistin.

Wanda babur ɗinsa ya mutu a tsakiyar rafi kada ya matsa masa da kik. A cire fulogi tukuna a fitar da ruwan, in kuma baƙin mai ya koma fari-fari a juye shi.

Jikin da ya faɗi ma wannan haƙurin yake nema. Mutum kan miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, alhali jini na taruwa a kansa. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, barci mai nauyi, ko jini daga kunne, duk na asibiti ne nan take. Mai kukan wuya ko baya kuwa ba a jan sa da hannu a ɗora a wani babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano, in an ɗaura ta daidai, tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. A Najeriya tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta.

Ƙujewa da ruwa mai tsabta da sabulu ake wanke ta, a fitar da yashin, sannan a nemi allurar tetanus. Man birki, baƙin mai da toka ba magani ba ne. Ƙunar salansa a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20.

Batun karaya ya fi ɗaukar ƙafafu. Masu ɗori sun daɗe suna taimakon jama'a, amma hannu ba ya rarrabe targaɗe da tsagewar ƙashi yadda hoto ke yi. A ɗauki hoton ƙashi tukuna. In ƙashi ya huda fata, maganar ta wuce ta gida, sai wuri irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. In kuma an ɗaure, a riƙa duba yatsu: kumburi, sanyi, mutuwar ji, ko zogin da ya ƙi lafawa na nufin ɗaurin ya tare jini. A sassauta a garzaya asibiti, domin nan ne ruɓewar da ke kai ga yanke ƙafa take farawa.

Ƙashin ƙwauri na babba kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya haɗe, sannan ga gashi da motsa gaɓa don ta saki. Mai iyali yakan ƙosa ya koma nema, har ya sha tiramadol don ya danne zogi ya hau. Sauri kan haifi nawa: ƙashin da ya sake ɓallewa jinyarsa ta fi ta farko tsawo da tsada. Wanda bai iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, ko damƙe birki da ƙarfi ba tare da ciwo ba, ya bar makullin a aljihu har likita ya sallame shi.